Yadda Ake Gyara Ƙasa da Sa Taki a Gonar Rake a Fadamun Abuja

Duk wanda ya saba shan rake a wurin masu baro a Gwagwalada ko a bakin kasuwar Zuba ya san cewa ba kowane kakkauran kara ne ke da zaƙi ba. Mutum yakan zaɓi sanda mai kauri da dogayen gaɓoɓi, a fere masa, ya kai baki ya ji ruwa ne zalla, lami, kamar an jiƙa shi a randa. Masu sayarwa sukan ɗora laifin a kan iri, amma a mafi yawan lokuta matsalar daga gona ta taso: an ɗura wa raken yuriya a makare, an hana shi sinadarin da ke tara zaƙi a cikin kara, sannan an bar ƙasar tana tsufa shekara da shekaru ba tare da an mayar mata da komai ba.

Rake shuka ce mai ci. Yana kwashe wata goma zuwa goma sha biyu a gona, kuma kowane tan ɗaya na karan da aka sare yana tafiya da kimanin kilo ɗaya na naitirojin da kilo ɗaya da rabi ko fiye na fotash, ban da fosfaras da sauran ƙananan sinadarai. Idan mota ta zo ta kwashe damunan rake zuwa kasuwa, sannan aka cinna wa busasshen ganyen da ya rage wuta, ƙasar ta bayar ba ta karɓa ba. Wannan bayani an shirya shi ne domin masu noman rake a fadamun da ke bakin kogin Gurara da na Usuma, a yankunan Kwali da Abaji da Gwagwalada, inda damina ke farawa wajen watan Afrilu ta ƙare a Oktoba, alhali rake na bukatar ruwa milimita 1,500 zuwa 2,500 a tsawon rayuwarsa, wanda shi ya sa nomansa a nan ba ya rabuwa da fadama da ban ruwa.

Mataki na farko: a san ƙasar kafin a sayi taki

Kafin manomi ya je kasuwa, ya kamata ya fara da haƙa rami mai zurfin mita ɗaya a tsakiyar gonar, idan gonar babba ce kuma ya haƙa biyu ko uku a wurare mabambanta. Wannan rami yana nuna abubuwan da ido ba ya gani daga sama. Zai ga kaurin baƙar ƙasar sama, wadda ita ce ke ɗauke da abincin shuka. Zai ga ko akwai wani taurarren sashe a zurfin santimita 20 zuwa 30, wanda yawan wucewar tarakta ko kaftu a zurfi guda kan haifar. Zai kuma ga ko ruwa na kwance kusa da sama. Ƙasar da ta yi launin toka-toka mai ɗigo-ɗigon tsatsa alama ce ta cewa ruwa yana daɗewa a wurin. Rake na son danshi, amma saiwarsa na bukatar iska, kuma yawancin saiwoyinsa suna cikin santimita 60 na sama, don haka an fi so ruwan ƙarƙashin ƙasa ya kasance a zurfin da ya wuce mita ɗaya a mafi yawan shekara.

Daga nan sai a ɗebi ƙasa a jiƙa ta kaɗan a murza a tafin hannu. Idan ta ƙi dunƙulewa tana zuba kamar yashi, jigawa ce, kuma ba ta riƙe ruwa ko taki, don haka takinta sai an rarraba shi kashi-kashi. Idan ta miƙe kamar igiya har ta lanƙwasu ba ta karye ba, laka ce mai nauyi, wadda ke riƙe taki amma tana shaƙe saiwa idan babu magudanar ruwa. Wadda ta fi dacewa da rake ita ce ta tsakiya, mai dunƙulewa amma ta farfashe idan an danna ta. Ganin tsutsar nan da ake kira tana a cikin ƙasar alama ce mai kyau.

Abin da hannu da ido ba za su iya faɗa ba shi ne tsamin ƙasa da yawan sinadaran da ke cikinta, kuma nan ne gwajin ɗakin bincike ke shigowa. Ana zagaya gonar a karkace, daga wannan kusurwa zuwa waccan, a ɗebi ƙasa a wurare goma sha biyar zuwa ashirin, daga sama zuwa zurfin santimita 30, ana kauce wa wurin da aka taɓa tara taki, da gindin bishiya, da suri, da inda aka ƙona shara. A haɗa su a bokitin roba mai tsabta, a gauraya sosai, a cire kimanin rabin kilo, a shanya a inuwa, a zuba a leda tare da takarda mai ɗauke da sunan gona da abin da aka noma a cikinta bara. Idan wani ɓangaren gonar tudu ne wani kuma kwari, kowanne a yi masa nasa samfurin. Malaman gona na shirin bunƙasa aikin gona na Babban Birnin Tarayya da ke Gwagwalada za su iya nuna inda ake kai samfurin. Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja ita ce aka ɗora wa alhakin binciken rake a Nijeriya, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta daɗe tana gwajin ƙasa. Gwaji ɗaya a kowace shekara uku ya wadatar, kuma kuɗinsa bai kai asarar da ake yi wajen zuba takin da ƙasa ba ta bukata ba.

Mataki na biyu: gyaran tsami, magudana da kaftu

Ma'aunin tsamin ƙasa, wanda ake rubutawa pH a takardar sakamako, yana tafiya ne daga tsami zuwa kanwa-kanwa, kuma 7 shi ne tsakiya. Rake ya fi jin daɗi tsakanin 6 da 7.5. Idan ya sauka ƙasa da 5.5, fosfaras da aka zuba yakan maƙale a jikin ƙasa shuka ta kasa ɗauka, saiwa kuma ta tsumbure. Maganin shi ne garin farar ƙasa na gona, yawanci tan ɗaya zuwa biyu a hekta gwargwadon sakamakon gwaji, a watsa shi a gauraya da ƙasa wata ɗaya ko wata ɗaya da rabi kafin shuka. Tokar itace tana rage tsami kuma tana ɗauke da fotash, amma ba a haɗa ta, ko farar ƙasa, da yuriya a lokaci guda, domin haɗuwarsu na sa naitirojin ya tsere a iska. Ya kamata a sani cewa yawan amfani da yuriya shekara bayan shekara shi kansa yana ƙara wa ƙasa tsami.

Magudana kuwa ita ce abin da manoman fadama suka fi sakaci da shi. A watannin Agusta da Satumba, lokacin da koguna ke cika, gonar da ruwa ya kwanta a cikinta kwana da kwanaki takan rasa naitirojin, ganyen ya yi ɗorawa, manomi kuma ya ɗauka yunwa ce ya ƙara taki a cikin ruwa. A haƙa babbar magudana a gefen gona mafi gangare, a buɗe ƙarshen kowane kwari ya zube a cikinta. Sannan a yi kaftu mai zurfin santimita 25 zuwa 30 lokacin da ƙasa ke da ɗan danshi, ba tana jagab ba, domin shigar da tarakta cikin jiƙaƙƙiyar laka yana danne ta ne ya mai da ita kamar daɓe.

Mataki na uku: takin gargajiya

Ƙasashen yankinmu, kamar sauran na tsakiyar Nijeriya, suna da ƙarancin ruɓaɓɓen abu, domin zafi da gara da gobarar daji suna cinye shi da sauri. Wannan ruɓaɓɓen abu shi ne ke sa ƙasa ta yi laushi, ta riƙe ruwa, ta kuma riƙe takin zamani har shuka ta ci. Zuba takin zamani a ƙasar da ba ta da shi kamar zuba ruwa ne a kwando.

Ana so a sa kimanin tan goma na ruɓaɓɓen kashin shanu a hekta, ko tan huɗu zuwa biyar na kashin kaji, wanda ya fi ƙarfi kuma ake samunsa a gidajen kajin da suka yawaita a kewayen Kuje da Gwagwalada. Sharaɗin shi ne ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona idon rake, ɗanyen kashin shanu mai haɗe da kara kuma yana gayyato gara, ita kuwa gara babbar abokiyar gabar irin rake ce, tana shiga ta yankakken bakin gaɓa ta cinye cikinsa tun bai tsiro ba. A tara takin a inuwa, a yayyafa ruwa, a juya shi duk bayan mako biyu ko uku, har ya daina zafi ya koma baƙi ba wari. Wanda takinsa bai kai ya watsa a gona duka ba, ya zuba shi a cikin kwarin da za a jera iri, domin a nan saiwa za ta fara samunsa. Takin juji na cikin gari, mai cike da leda da batir da fasassun kwalabe, ban ga dalilin kai shi gonar abin da mutane za su sa a baki ba.

Akwai wata dukiya da ake watsarwa a bayan injinan casar shinkafa, wato ɓuntu da tokarsa. Rake na cikin shukokin da ke shan silika da yawa, wadda ke ƙarfafa kara ya jure faɗuwa da tsutsa mai huda kara, kuma tokar ɓuntun shinkafa cike take da ita.

Mataki na huɗu: lissafin takin zamani

A nan ne kuɗi ke shiga, don haka ya cancanci a zauna da biro da takarda. Lambobi uku da ke jikin buhun NPK, wanda manoma ke kira kamfa, suna nuna kaso cikin ɗari na naitirojin da fosfaras da fotash a jere. Naitirojin shi ne na ganye da tsayi da 'ya'ya, wato tohon da ke fitowa daga gindin rake. Fosfaras na saiwa ne da fitar 'ya'ya da wuri. Fotash kuwa shi ke taimaka wa shuka ta kai zaƙin da ganye ya haɗa zuwa cikin kara, ya ƙarfafa karan, ya kuma sa ta jure fari.

Buhu mai kilo 50 na 15-15-15 yana ɗauke da kilo bakwai da rabi na kowanne daga cikin ukun. Buhun 20-10-10 yana da kilo goma na naitirojin, biyar na fosfaras, biyar na fotash. Buhun yuriya, mai kaso 46, yana da kilo 23 na naitirojin kaɗai, babu komai bayansa. Buhun supa yana da kimanin kilo tara na fosfaras tare da salfa. Jan takin fotash da ake rubuta wa MOP, mai kaso 60, yana da kilo 30 a buhu.

Idan babu sakamakon gwaji a hannu, adadin da za a iya farawa da shi a hekta ɗaya shi ne kilo 150 na naitirojin, 60 na fosfaras, 90 na fotash. Ga yadda ake mayar da shi buhuna. Buhu takwas na 15-15-15 suna ba da kilo 60 na kowane sinadari, to an gama da fosfaras ke nan. Naitirojin ya rage kilo 90, wanda buhu huɗu na yuriya za su cike, tunda suna ba da kilo 92. Fotash ya rage kilo 30, wato buhu ɗaya na MOP. Jimla buhu goma sha uku ke nan a hekta, ita kuwa hekta fili ne mai mita ɗari a tsaye ɗari a kwance, kusan eka biyu da rabi. Mai eka ɗaya zai bukaci buhu uku da ɗan ɗoriya na kamfa, buhu ɗaya da rabi na yuriya, da ƙasa da rabin buhun fotash. Wanda ya zuba isasshen takin gargajiya zai iya rage wani abu daga wannan, wanda kuma gwaji ya nuna masa cewa ƙasarsa na da wadatar fosfaras zai iya rage kamfa ya ƙara yuriya da fotash.

Ina jan hankali a kan 20-10-10, domin shi ne ya cika kasuwa tun daga shirin takin shugaban ƙasa da aka fara a ƙarshen 2016 tare da haɗin gwiwar Maroko. Taki ne da ya dace da masara, amma ga rake fotash ɗinsa ya yi kaɗan. Buhu goma sha biyu na 20-10-10 za su ba da kilo 120 na naitirojin da 60 na fosfaras da 60 na fotash, don haka dole a ƙara buhu ɗaya na MOP da ɗan abin da ya haura buhu ɗaya na yuriya. Yuriya kuwa a gida ake yin ta, a masana'antar Indorama da ke Eleme, da ta Notore a Onne, da ta Dangote da aka buɗe a Lekki a 2022, alhali fotash daga waje ake shigo da shi, ba kowane shago ke ajiye shi ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa manomi ke cika gona da abin da ya samu a kusa, ya bar abin da rake ya fi kwasa daga ƙasa. A ganina, idan kuɗi ya gaza, gara a rage girman gonar a ba ta cikakken abinci da a faɗaɗa ta a kan yuriya zalla.

Domin rabon ya yi daidai, a lissafa shi bisa layi. Idan tazarar layuka mita ɗaya ce, hekta na da layi ɗari masu tsawon mita ɗari, don haka kilo 400 na kamfa zai ba kowane layi kilo huɗu. Idan tazarar mita ɗaya da rabi ce, kamar yadda manyan gonakin kamfanonin sukari irin na Numan da Sunti suka fi yi saboda injina, layukan sun zama kimanin 66, kowanne kuma zai sami kilo shida. A auna wannan adadi sau ɗaya a sikeli, a zuba a kwano a yi masa alama, daga nan kwanon ya zama ma'aunin ma'aikata.

Mataki na biyar: sayen taki mai kyau

Na taɓa sayen buhunan yuriya a wani shago, ɗinkin bakinsu bai yi kama da na masana'anta ba amma na kau da kai saboda sauƙin farashi, sai da aka buɗe a gona aka tarar da yashi a gauraye. Tun daga ranar nake ɗibar cokali guda in zuba a kofin gilashi mai ruwa kafin in biya. Yuriya ta gaskiya tana narkewa gaba ɗaya, ruwan kuma ya yi sanyi a hannu, abin da ya kwanta a ƙasa kuwa ba taki ba ne. Kamfa takan bar ɗan laka ko da mai kyau ce, amma ba yashi mai ƙaras-ƙaras ba. A duba ɗinki, a ɗora buhu a sikeli, a karɓi rasit, a sayi taki a wurin dillali mai rajista kamar yadda dokar kula da ingancin taki ta 2019 ta tanada. A gida kuma a ɗora buhuna a kan katako, nesa da danshi.

Mataki na shida: lokaci da yadda ake sawa

Rake yana cin yawancin naitirojin ɗinsa ne a wata uku zuwa huɗu na farko, lokacin da yake fitar da 'ya'ya yana rufe gona. Wannan gajeren lokaci shi ke yanke yawan sandunan da za a sara, don haka tsarin sa taki duka a kansa yake.

Kashi na farko ranar shuka ake sa shi. Bayan an buɗe kwari mai zurfin santimita 20 zuwa 25, a zuba ruɓaɓɓen taki, a barbaɗa kamfa duka a ƙasan kwarin, a ja ƙasa mai kaurin yatsa biyu ko uku a rufe, sannan a jera gaɓoɓin iri masu ido uku-uku, idanun suna kallon gefe. Kada iri ya taɓa taki kai tsaye, domin gishirinsa yana ƙona ido da sabuwar saiwa. Dalilin binne fosfaras tun farko shi ne ba ya tafiya a cikin ƙasa. Inda aka ajiye shi nan yake zama, don haka watsa shi a sama bayan rake ya girma kusan asara ce.

Kashi na biyu, wato buhu biyu na yuriya a hekta, ana sa shi mako shida zuwa takwas bayan shuka, bayan an yi noman farko. Sa taki a gonar da ciyawa ta rufe ciyar da ciyawa ne. A ja layi da bakin fartanya tazarar tafin hannu ɗaya daga gindin rake, zurfin santimita biyar zuwa goma, a zuba, a rufe nan take. Yuriyar da aka bari a fili ƙarƙashin ranar Maris a Abaji, wani kaso mai yawa nata iska ce za ta ɗauka. Ƙasa ta kasance da danshi, kuma idan rani ne a ba da ruwa kaɗan bayan an rufe, ba ambaliyar da za ta wanke takin zuwa kogi ba. Idan damina ce kuma hadari ya haɗu baƙi ƙirin, a dakata sai ya sauka.

Kashi na uku shi ne sauran buhu biyu na yuriya tare da buhun fotash, a mako na goma sha biyu zuwa sha shida, kuma a haɗa shi da huɗa, wato a ja ƙasa daga tsakanin layuka a tara a gindin raken har inda yake kwari a da ya koma kunya. Huɗar tana binne takin, tana hana fitowar ƙananan 'ya'yan da ba za su zama sanda ba, tana kuma tallafar kara kada iskar damina ta kwantar da shi. A ƙasa mai yashi, a raba yuriyar gida uku maimakon biyu.

Bayan wata na huɗu a rufe bakin buhun yuriya. Na san wannan yana da wuya ga manomin da ya ga maƙwabcinsa ya ƙara taki a wata na bakwai gonarsa ta yi kore shar. Amma naitirojin na makare yana sa rake ya ci gaba da yin ganye a lokacin da ya kamata ya tara zaƙi, karan ya yi taushi ya cika da ruwa, ya faɗi, tsutsa ta same shi da sauƙi. Mai dafa mazarƙwaila shi ya fi kowa gane wannan, domin yakan ƙona itace da yawa ya sami kaɗan. Sanyin hunturu da bushewar iska su ne ke nunar da rake, don haka a rage ban ruwa a hankali, a tsayar da shi mako huɗu zuwa shida kafin sara.

Mataki na bakwai: karanta ganye

Manomi ya riƙa shiga cikin gonarsa yana duba ganye, yana lura da ko alamar a tsofaffin ganyen ƙasa take ko a sababbin na sama. Idan tsofaffin ganye sun koɗe sun yi ɗorawa gaba ɗaya, kara ya yi siriri, 'ya'ya sun yi kaɗan, ƙarancin naitirojin ne. Idan bakin tsofaffin ganye da tsininsu sun bushe kamar wuta ta lasa, jijiyar tsakiya kuma ta yi ja-ja, fotash ne ya gaza. Ganye mai duhu da ratsin shuni-shuni tare da tsumburewa yana nuna rashin fosfaras. Idan kuwa sababbin ganyen sama ne suka yi fari-fari, to ko salfa ce, wadda supa ko takin gargajiya ke gyarawa, ko kuma ƙarfe ne idan akwai ratsi-ratsi tsakanin jijiyoyi, abin da aka fi gani a ƙasa mai kanwa. Kafin a yanke hukunci a tona gindin kara ɗaya, domin ruwan da ya kwanta, da gara, da wuta-wuta da ke maƙale a saiwa, duk suna sa ganye ya yi ɗorawa, kuma babu takin da zai magance su.

Mataki na takwas: bayan sara

A sare rake daidai da ƙasa da adda mai kaifi, domin gaɓoɓin ƙasa su suka fi zaƙi, kuma tohon da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa shi ke yin tasa saiwar ya tsaya da ƙarfi. Busasshen ganyen da ya rage, wanda kan kai tan goma a hekta a gona mai kyau, kada a ƙona shi. Wuta tana kore naitirojin da salfa da ke cikinsa, ta bar ƙasa tsirara ga rana. A tattara shi a shimfiɗa a tsakanin layuka, ana cika layi ɗaya ana tsallake ɗaya domin a sami hanyar ruwa da wurin sa taki, kuma a janye shi daga kan kututturan domin toho ya sami haske. Wannan shimfiɗa tana rage ƙafewar ruwa, tana danne ciyawa, tana ruɓewa ta koma taki. Inda gara ta yi yawa, a kula da ban ruwa a kan kari, domin ta fi ɓarna a raken da ƙishi ya kama. A kuma share gefen gona saboda gobarar rani.

Gyauron rake, wato wanda ya sake tohowa daga kututture, ba ya cin kuɗin iri ko kaftu, amma yana bukatar naitirojin fiye da sabuwar shuka da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, saboda tsohuwar saiwa ta gaji kuma ƙasa ta danne. Cikin mako biyu da sara a daidaita kututturan da suka yi tsayi, a sassauta ƙasar gefen layi da fartanya ko garma, a binne kamfa a nan tare da takin gargajiya, a cike gurbin da ya mutu da sabon iri, sannan a ba da ruwa. Yuriya kuma a sa ta kashi biyu kamar yadda aka yi a baya, sai dai a gama da wuri, tunda gyauro ya fi saurin rufe gona. A hekta ɗaya wannan ƙari yana nufin kimanin buhu ɗaya da rabi na yuriya a kan huɗun farko.

Bayan gyauro biyu ko uku, ko kuma da zarar an ga sanduna sun sirance gurabe sun yawaita, a tumɓuke kututturan a huta da rake na damina guda. A shuka wake ko waken suya ko gyaɗa, a cire 'ya'yan, a bar wani kaso na harawar a gona a binne ta da kaftu, domin ƙulle-ƙullen da ke saiwar waɗannan shukoki suna tara naitirojin daga iska. Wanda ke da halin barin amfanin damina ɗaya zai iya binne waken gaba ɗaya lokacin da ya fara fure, ya jira mako uku zuwa huɗu ya ruɓe. A wannan tsakani ne ya dace a sake ɗibar samfurin ƙasa a kai gwaji, a kwatanta sabon sakamako da na shekara ukun da suka wuce, sannan a buɗe sababbin kwaruruka a tsakanin inda tsofaffin layuka suke.